Famfon da Zarlik Ya Riƙe

Ak-Jilga, farkon Nuwamba

Zuwa ga yayana Zarlik, a Urengoi.

Baike, yayana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Liliya da 'yarka Elmira, wadda tun tana jaririya a hoto kawai nake ganin ta. Ni ƙanwarka Uulkan lafiya lau nake. Tumaki sun sauko daga dutse da ƙibarsu, ciyawar da muka tara za ta fitar da mu sanyi in Allah ya so. Ata, babanmu, shi ne ba lafiya.

Na san ka ce kada a ƙara rubuto maka labarin mahaifinmu. To, ga shi na rubuto. Na kira garejinku daga gidan waya, aka ce ba ka amsa kiran gida, shi ya sa na koma takarda. Ƙodarsa ce ta gaza. Sau biyu a mako sai na kai shi asibiti a Narin an wanke masa jini da inji, kuma da safe ake son mutum. In ka makara wani ya hau gadon, sai ka jira wani zagayen. In wanki ɗaya ya wuce shi, ƙafafunsa su kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashinsa ya koma irin na mai hawan tudu da kaya.

Ni ce direba yanzu, da tsohuwar motarsa da ka sani. Kowace yamma sai na zubar da ruwan lagireto don kada ya daskare ya fasa inji, na ciro batir na kwantar da shi gefen murhu kamar jariri. Da asuba na tafasa ruwa, na ɗebo garwashi a kasko na tura ƙarƙashin mota, na kwanta a ƙanƙara ina hurawa. Sauran ka fi ni sani. Makon jiya wuta ta lashi tiyon mai, da mayafina na kashe ta. Kuma sanyin gaske bai ma iso ba.

Maƙwabcinmu Toicubek ya ce a can wajenku ana sa wa motoci wata hita mai shan fetur, wadda ke ɗumama inji da kanta kafin a tayar, kuma ya ji cewa sa ta ne ma sana'arka. Ka aiko mini da ɗaya, ko tsohuwa ce. Ba don shi ba, don ni.

Ƙanwarka,
Uulkan

Urengoi, ƙarshen Nuwamba

Uulkan,

Na gaishe ki. Muna lafiya. Elmira ta shiga makaranta, Liliya na fama da haƙori, ni kuma aiki ya yi mini yawa, don a nan in sanyi ya kama kowa ɗan'uwana ne.

Ashe tsohon ma yana da abin da ke gazawa a jikinsa. Na ɗauka da dutse aka yi shi. Da na zo wurin kaskon garwashi sai da na ajiye takardar na yi dariya. Kaskon nan mai hannu ɗaya ne har yanzu? Ki gaishe mini da shi, mun san juna. Ina ɗan shekara sha ɗaya tsohon ke tashina da ƙafa, ya tura ni ƙarƙashin motar gonar gwamnati, shi yana ciki yana shan shayi. Da a lokacin akwai abin da kike roƙo, da yanzu da yatsu goma nake rubuto miki, ba takwas ba.

Na ba Kanibek, direban da ke kai kaya Bishkek, akwati da sunanki. Hitar ba ta fi butar shayi girma ba. Ki sa Toicubek ya zauna ki karanta masa wannan a hankali, don na san kansa. A cikinta akwai ɗan ɗaki na ƙarfe. In kin danna maɓalli, wani fulogi ya yi ja a ciki, fanka ta turo iska, fetur ya ɗigo, wuta ta kama. Wutar a rufe take, ba ta ganin waje, ba ta lasar tiyon kowa. Ruwan lagireto yana zagaya bangon ɗakin ya kwashi zafi, wani ɗan famfon ruwa ya tura shi cikin inji, ya dawo, ya sake tafiya. Kafin ki gama karin safe injin ya yi ɗumi kamar cikin saniya, ki murɗa makulli sau ɗaya ya tashi. In ruwan ya yi zafi sosai, ita ke rage wutarta da kanta, har ta mutu.

Ki daina zuba ruwan rijiya, ki sayo ruwan lagireto mai launi wanda ba ya daskarewa. Bututun hayaƙinta ya kalli ƙasa, ya fita gefe. Kada ki taɓa kunna ta a rufaffen garke, in ba so kike a same ki da tumaki kun yi barcin da ba a tashi ba.

Abu ɗaya ya rage, yana wurina.

Zarlik

Ak-Jilga, tsakiyar Disamba

Baike,

Gaisuwa da godiya. Allah ya ba Liliya sauƙi, ya buɗa wa Elmira kai. Ni lafiya, Ata yana nan yadda yake. Wanki ɗaya ya wuce mu a watan nan.

Akwati ya iso, na yi kuka a kansa kamar wata sakara. Toicubek ya kwana biyu yana fama, ni ina riƙe masa fitila da takardarka. Ya yanka tiyon ruwa ya shigar da ita a tsakani, ya ja waya zuwa batir, ya karkata bututun yadda ka ce. Ata ya fito da sanda yana kallo. Na ce masa ta Toicubek ce, aro ya ba mu. Ya sunkuya ya dubi yadda aka naɗe wayoyin, ya ce wannan naɗin mai yatsu takwas ne, sannan ya tofar ya koma ciki. Amma bai ce a cire ba, Baike. Ka san shi, wannan ma wani abu ne.

Muka danna maɓalli. Fanka ta juya, ruwa ya zagaya, muka yi tsaye muna jira, ba wuta. Tana numfashi, ba rai. Toicubek ya bi tiyon mai da hannu har ya zo wurin da ba komai, sai baki biyu a buɗe da waya tana reto. Ya ce famfon da ke ɗigo mata fetur ne babu. Na je Narin na tare yaron motar da ya kawo akwatin daga Bishkek, na yi masa tas a gaban mutane, na ce shi ya sace. Sai da na dawo gida na sake karanta layinka na ƙarshe. Ashe ka faɗa, ni ce ban lura ba. Mantawa ka yi a kan tebur, ko? Ba komai, kowa na mantuwa. Ka ba Kanibek a tafiyarsa ta gaba. Zan je in ba yaron nan haƙuri.

Na sa maka busasshen cuku a ƙullin nan, irin mai gishiri da kake so.

Uulkan

Urengoi, ƙarshen Disamba

Uulkan,

Lafiya muke. An cire wa Liliya haƙorin. Cuku ya iso, Elmira ta ɗanɗana ta tofar, ni na cinye.

Ban manta ba. Shekara goma sha biyar ina wannan aiki, ban taɓa manta ko ƙusa ba. Famfon na nan a aljihun rigar aikina, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, kin ga kuwa na san darajar yatsa. Shi ne zuciyar abin. Shi ke auna fetur ɗigo-ɗigo, kina jin sa yana ƙas, ƙas, ƙas kamar agogo. In babu shi, hitar kwano ce kawai.

Ke kina zuba shayi a ranar, ba sai na tuna miki ba, amma zan tuna. Sadakar cikar Apa, mahaifiyarmu, shekara da rasuwa. Na taho tun daga nan da mata da jaririya, don in tsaya a kan kabarin uwata. Tsohon ya miƙe a gaban dattawan ƙauye ya ce, "Ni 'ya ɗaya Allah ya ba ni, ga ta can. Wancan baƙo ne, a ba shi nama ya kama hanya." Liliya na tsaye a bakin ƙofa da goyo, ba ta jin yarenmu, tana ta yi wa mutane murmushi. Laifina na auro ta ban jira albarkarsa ba.

To, baƙo ba ya aika wa mutane famfo. Ɗa ne ke aikawa. Ki ba shi alƙalami ya rubuta layi ɗaya da hannunsa: Zarlik ɗana ne. Ban ce ya ba ni haƙuri ba, ban ce ya yi kuka ba. Kalma uku. Ranar da na gan su, ranar famfo zai kama hanya.

In ba zai iya ba, ki kai shi Narin ya zauna wurin goggonmu Batma, kusa da asibitin. Ba dole sai mota ta tashi ba.

Zarlik

Ak-Jilga, tsakiyar Janairu

Baike,

Ina gaisuwa. Ni dai da sauƙi, hannuwana ne suka tsattsage. Ata ba daɗi. Fuskarsa ta kumbura, a zaune yake barci.

Kana tsammani ban yi tunanin gidan Goggo Batma ba? Na kai shi. Kwana kaɗan ya yi, ya ce wa mijinta shi ba namiji ba ne tunda a ɗaki yake fitsari, ya ce wa ita Goggo miyarta ta marasa lafiya ce. Ta ce ai kai ɗin ne marar lafiya. Ya fito titi da sandarsa ya ce in mayar da shi gida ko ya tafi a ƙasa. Ya ce a gidan da ya gina zai mutu, ba a bene kamar tsuntsu ba. Ni kuma tumaki ba sa jira.

Na sa an nemo mana famfon a kasuwar Bishkek. Wanda aka samo na manyan motoci ne, batirinmu ba ya iya motsa shi. Toicubek ya ce mu gwada dabara. Na roƙo robar ƙarin ruwa a asibiti, muka rataye kwalbar fetur a sama tana ɗigowa. Sai ga farin hayaƙi ya cika tsakar gida, ta yi tari sau biyu, ta yi wata ƙara kamar bindiga, dokin Toicubek ya tsinke igiya. Muka koma kasko.

Yanzu sanyi ya kai inda in ka tofa yawu da ƙara yake sauka. Baƙin man inji ya zama kamar man shanu. Garwashin ma kafin ya ratsa ƙarfen ya mutu.

Ga takardar da ka nema, na sa ta a ciki. Ya rubuta. Ka aiko, don Allah, don darajar Apa.

Uulkan

Urengoi, farkon Fabrairu

Uulkan,

Muna lafiya, kuma kin ba mu dariya, mun gode.

Ni na koya miki rubutu a kan murfin akwatin Apa. Tun a lokacin kike yi wa harafin farko na sunana wutsiya, na buge miki hannu ba ki daina ba. Ga wutsiyar nan a takardar tsohon. Kin karkata layin, kin sa rubutun yana rawa, har da ɗigon shayi a gefe. Kin yi ƙoƙari. Na nuna wa abokan aikina, wani ya ce a ɗauke ki aikin buga takardun bogi, akwai samu.

Ki gaya wa Toicubek ya koma kiwon doki. Wutar nan ba ta son a cika ta. In fetur ya fi iska yawa, sai ya taru a ɗakin ya jiƙe fulogi, ya yi hayaƙi, in ya ga dama ya fashe. Ku da kuke kan duwatsu ma iskarku ba ta da kauri, famfon da na ajiye muku na daidaita shi ne da irin tsayinku. Babu irinsa a Bishkek, kada ki ƙara ɓata kuɗinki. Ku buɗe ta ku goge fulogin, ku bar ta ta bushe.

Kin ce don darajar Apa. Ranar sadakar Apa ina darajarta take? Ke ma kina wurin, da buta a hannu. Ba ki ce uffan ba, kika ci gaba da zuba shayi.

Me ya ce da gaske da kika ba shi alƙalami? Ina so in sani. Ki sake ba shi. Ki ce masa ni ba na sauri, sanyi ma ba ya sauri.

Zarlik

Urengoi, tsakiyar Maris

Uulkan,

Lafiya muke, ina fatan ku ma haka. Kanibek ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, ba takarda. In fushi ne, ki yi ki gama. In hanya ce ta toshe, ki ba mai doki ya kai Narin. Fushi ba ya tayar da mota. Ki rubuto.

Zarlik

Ak-Jilga, ƙarshen Maris

Baike,

Na gaishe ka da iyalinka. Ni lafiya. Tumaki sun fara haihuwa.

Ata ya bar gida, yana inda ba ya buƙatar mota. Kumburin ya daina damunsa. Ni ma na huta da tashin asuba.

Uulkan

Urengoi, farkon Afrilu

Uulkan,

Kin gani, kin ga gaskiyata. Lafiya muke, kuma na ji daɗin labarin. Ashe da ya ji wuya ya yarda aka ba shi gado a asibiti. Mutumin da ya ce ba zai kwana a bene kamar tsuntsu ba, ga shi can yana shan kunun gwamnati, yara 'yan mata suna juya shi suna yi masa tsawa. Da ma na ga wannan da idona. Ki ce masa ya rage zagin likitoci, su ba 'ya'yansa ba ne, za su rama.

Takardarki gajeriya ce, na san har yanzu kina ciki da ni. Ki sauko. Da na aiko tun farko, da yanzu yana gida yana cin naman gishiri yana kashe kansa. Ni na tura shi inda ya kamata.

Ga famfon nan a cikin safar Elmira. Ba don ya yi nasara ba, ki gaya masa haka. Sanyi ya kusa wucewa, kuma ke za ki riƙa zuwa duba shi. A ɗaure shi kusa da tanki, bakinsa ya ɗan kalli sama don kada iska ta maƙale a ciki. A karon farko sai kin danna sau biyu ko uku kafin fetur ya cika tiyon. In kin ji ƙas, ƙas a hankali, sannan ya yi sauri, sannan wata ƙara kamar iska a cikin bututu, to ta kama.

Na nemi hutu a watan Yuli. Zan zo da Elmira. Ba sai ya rubuta komai ba, na gaji da maganar. Zan tsayar da ita a gaban gadonsa in ga ko zai iya cewa a ba ta nama ta kama hanya. Goshinsa ne da ita sak, har da yadda yake haɗe gira.

Yana tambayata kuwa? Ba wai ya dame ni ba.

Zarlik

Ak-Jilga, ƙarshen Afrilu

Zarlik,

Ina lafiya. Famfo ya iso.

Ata ba ya asibiti. Ata ya rasu tun ƙarshen Janairu, kafin ka zauna ka rubuto mini labarin wutsiyar harafi. Ranar da takardarka ta iso, gidan na cike da mata ana karatun makoki. Na shiga garke na karanta ta a tsakanin tumaki.

Ka ce kana so ka san abin da ya ce da na ba shi alƙalami. Karɓa ya yi. Na ji kamar in faɗi don murna. Ya ɗora tafinsa a kan takarda, ya naɗe yatsu biyu, ya zagaye sauran da alƙalami, ya ce in aika maka, za ka gane mai shi. A murhu na sa ta. Haka kuka yi da ni ku biyun, kowa ya riƙe nasa, ni ce a ƙasa a kan ƙanƙara.

Makon ƙarshe mota ta ƙi tashi sam. Wanki biyu suka wuce shi a jere. Ruwa ya hau masa har ƙirji, idanunsa suka kusa rufewa, yana ƙaiƙayi har yana fitar da jini. A rana ta ƙarshe na ƙone duk kashin tumakin da na tara a ƙarƙashinta. Hitarka tana nan a maƙale a gefen inji, sabuwa fes, ina kwance ina kallonta. Rana ta kusa tsakiya Toicubek ya ɗaura wa motar dawakai biyu suka ja ta zuwa gangare, sannan ta tashi. Muka kwantar da shi a baya cikin fatun tumaki.

A saman tudu na tsaya in kankare gilashi. Ya kira ni. Na buɗe ƙofar baya, ya kama hannuna ya yi magana. Ba gajeriya ba ce, kuma hankalinsa ɗaya, ya san ni, ya san inda muke. Duk a kanka ce. Da ya gama ya ce in rufe ƙofa sanyi na shiga. Kafin mu sauka tudun ya cika. Na juya mota.

An kafa tantin makoki, an yanka baƙar goɗiyarsa. Dattawa suka tambaya ina ɗansa, wa zai fara zuba ƙasa. Goggo Batma ta ce in ruga gidan waya, a jira ka ko kwana uku ne. Na je Narin, na zauna a kan benci a gidan waya har ƙafafuna suka yi sanyi, na dawo ban kira ka ba. Na ce musu na same ka, ka ce aiki ya yi maka yawa. Toicubek ne ya tsaya a wurinka. Goggo ta ɗaga hannu a gaban mata ta yi maka baki. An yi sadakar arba'in ma, ta wuce.

Abin da ya faɗa a motar, na ji kowace kalma. Ba zan gaya maka ba.

Uulkan

Urengoi, Mayu

Uulkan, ƙanwata,

Ban san yadda ake fara wannan ba. Liliya da Elmira lafiya. Ni ban fita aiki ba tun da takardarki ta zo. Na je gareji sau ɗaya, aka kawo mota, na danna maɓalli na ji famfo ya fara, na fita waje na yi amai.

Ba zan ce miki komai a kan abin da kika gaya wa mutane ba. Ban da bakin cewa. Ni na ɗauka zai rubuta. Wallahi kowace tafiyar Kanibek sai na je tasha da famfon a aljihuna, don in na ga layin in miƙa masa nan take. Na ɗauka irinsa ba ya mutuwa a sanyi ɗaya.

Ki gaya mini abin da ya ce. In zagi ne, ki rubuto shi yadda yake, na saba, zan iya ɗauka. In tsinuwa ce, gara in san ta. In kuma wani abu ne daban, Uulkan, ki ji tsoron Allah. Ko ba za ki faɗi duka ba, ki ce mini wanne ne a ciki. Kalma ɗaya ta isa. Ban taɓa roƙonki komai ba.

Yayanki,
Zarlik

Ak-Jilga, Yuni

Baike,

Gaisuwa gare ka da Liliya da Elmira. Ni lafiya lau. Ciyawa ta fito, mun hau da tumaki dutse, 'yan raguna sun yi kyau bana.

Toicubek ya ɗaura famfon yadda ka ce. A dannawa ta uku ta kama. Aikinka na da kyau, ba ƙarya. Safiya a kan dutse har yanzu da sanyi, nakan kunna ta in zauna in sha shayi, in na fito injin ya yi ɗumi. Tana ɗan yin hayaƙi a farko kafin ta daidaita. In matsala ce ka rubuto, in ba matsala ba ce ba sai ka wahala ba.

Ka ce za ka zo a Yuli. Hanya ta kowa ce, maƙabarta ma ba ƙofa gare ta ba. Kabarinsa na gefen na Apa. Amma ka sani, mutanen ƙauye suna nan a kan abin da na gaya musu, kuma ba ni da niyyar gyarawa. In ka shiga kanti aka yi shiru, kada ka yi mamaki. Yarinyar ka bar ta a wurina in za ka fita, ita ba ruwanta.

Na ga tambayarka. Goggo Batma ma ta tambaye ni ko ya bar wata magana, liman ya tambaya, Toicubek ya tambaya. Duk na ce musu bai ce komai ba, barci ya yi ya wuce. Kai kaɗai na gaya wa cewa ya yi magana, don kai kaɗai nake so ka sani.

Ka taho da rigar sanyi, da yamma akwai iska.

Uulkan